Mai Shari'a Mamman Nasir: Daga majalisar Sardauna zuwa shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara

Marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina kuma Hakimin Malumfashi, yana cikin 'yan Najeriya ƙalilan da suka zauna a zauren da ake yin doka, daga baya kuma suka hau kujerar da ake yanke hukunci da ita. Ya riƙe muƙamin Ministan Shari'a na Jihar Arewa daga 1961 zuwa 1966 a gwamnatin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a 1975, sannan ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa daga 1978 zuwa 1992, tsawon shekara 14.

Tarihinsa ya zo daidai da shekarun da aka sauya fasalin kotunan Arewa, daga zamanin da sarki ke shari'a a fadarsa zuwa tsarin da ake bi yanzu. Duk ɗan kasuwar da rikicin bashi ya kai shi gaban alƙali a Birnin Kebbi, ko magajin da ke neman rabonsa na fadama a Augie, yana bin matakalar da aka gina a waɗannan shekaru ne.

Haihuwa da karatu

An haifi Mamman Nasir a ƙasar Katsina a watan Yuli na 1929. Ya yi makarantar Midil ta Katsina, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1947. Wannan makaranta ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka mayar Kaduna a 1938, aka sake ɗauke ta zuwa Zariya a 1949, kuma ita ake kira Kwalejin Barewa a yau. Mafi yawan waɗanda suka riƙe ragamar Arewa a lokacin samun 'yancin kai ta nan suka bi.

A wancan zamani babu makarantar horar da lauyoyi a Najeriya. Mai son aikin sai ya haye teku zuwa Landan, kuma ana bukatar ya san harshen Latin kafin a karɓe shi. Saboda haka Mamman Nasir ya fara zuwa Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya koyi harshen, sannan ya tafi Ingila. A 1955 aka rantsar da shi lauya a zauren Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan.

Shekarar 1955 tana da muhimmanci a tarihin shari'a a Arewa. A cikinta ne Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilorin, wanda ake ɗauka lauya na farko daga Jihar Arewa, ya zama lauya. Muhammadu Bello, wani Bakatsine, shi ma ya kammala a zaure ɗaya da Mamman Nasir. Kudancin ƙasar kuwa ya samu lauyansa na farko tun ƙarni na 19. Wannan tazara ce ta sa gwamnatin Kaduna ta ɗauki waɗannan samari tamkar zinariya. Da Mamman Nasir ya dawo gida a 1956, sai aka ɗauke shi lauyan gwamnati.

Halin da ya tarar da kotunan Arewa

Ya shiga aiki a daidai lokacin da ake cikin ruɗani game da dokar da ta kamata a hukunta laifuka da ita. Kotuna iri biyu ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa. Akwai kotunan Turawa masu bin dokar laifuka ta Ingilishi, akwai kuma kotunan alƙalai da na sarakuna, ƙarƙashin hukumomin En'e, masu bin mazhabar Malikiyya. Mutum biyu za su aikata laifi iri ɗaya, amma hukuncinsu ya sha bamban, gwargwadon kotun da aka kai kowannensu.

Shari'ar da ta fito da matsalar fili daga ƙasar Gwandu ta taso. Kotun Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa laifin kisan kai da gangan. A dokar Turawa, idan an tunzura mutum har ya fita hayyacinsa kafin ya yi kisa, laifin yana sauka daga matakin da ake kashe mai shi. Malikiyya ba ta ɗauki tunzurawa a matsayin uzuri irin wannan ba. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Sarakuna da alƙalai suka ga an taɓa ikonsu, aka yi ta gyaran doka a shekarun da suka biyo baya, amma saɓanin bai kau ba.

Da mulkin kai ya matso, sai batun ya zama na gaggawa. Ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun kai kokensu gaban Hukumar Willink a 1957 da 1958, kuma Birtaniya ta nuna tana son a warware matsalar kafin ta miƙa mulki. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson na Jami'ar Landan, da Wazirin Borno Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙalin Alƙalan Bida.

Shawarar kwamitin ce ta haifi kundin hukunta laifuka da aka fi sani da Final Kod, wanda aka ɗora a kan na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya na 1860. Kundin ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun 'yancin kai. An kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci domin al'amuran aure, saki, gado, wasiyya da waƙafi. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama Girandi Ƙadinta a 1962.

Minista yana ɗan shekara 32

A zaɓen Majalisar Dokokin Arewa na Mayun 1961, jam'iyyar NPC ta lashe kujera 160 cikin 170. A wannan shekara Sardauna ya naɗa Mamman Nasir Ministan Shari'a, yana da kimanin shekara 32. A tsarin firimiya da ake bi a lokacin, minista ɗan majalisa ne. Shi ke gabatar da ƙudurorin ma'aikatarsa a zauren Lugard Hall da ke Kaduna, shi ke kare su, shi ke amsa tambayoyin wakilai. Muƙamin Antoni Janar daban yake, kuma Turawa ne suka riƙe shi a waɗannan shekaru, Hedley Marshall da farko, sannan Ian Lewis.

Nauyin da ya hau kan matashin ministan shi ne mayar da sabuwar doka daga takarda zuwa aiki. Ɗaruruwan alƙalai da suka tashi da Risala da Mukhtasar da Tuhfa yanzu an ce su yi hukuncin laifuka da kundi mai sassa da lambobi, su kuma rubuta bayanin zama yadda kotun sama za ta iya dubawa. Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, ita ta ɗauki nauyin horar da su rukuni-rukuni. A 1962 kwamitin Abu Rannat ya dawo ya duba yadda gyaran ke tafiya, ya kuma ba da shawarar a bi a hankali a mayar da kotunan daga hannun En'e zuwa hannun gwamnatin jiha.

Wannan shawara ta taɓo wurin da ke ciwo. Sarki ne ke da ta cewa wajen naɗa alƙali da biyansa albashi, shi ne kuma shugaban 'yan doka da gidan yari. Jam'iyyun adawa, musamman NEPU ta Malam Aminu Kano, sun daɗe suna kukan cewa ana amfani da kotunan alƙalai wajen ɗaure magoya bayansu kan laifuka irin su yin taro ba izini ko zagin masu sarauta, alhali doka ta hana lauya tsayawa a waɗannan kotuna. Ministan Shari'a ɗan jam'iyya mai mulki ne, jam'iyyar kuma da sarakuna ta dogara. Har Jamhuriya ta Farko ta faɗi ba a raba kotunan da En'e ba.

Bayan juyin mulkin 1966

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna, aka rushe majalisu, muƙaman ministoci suka tafi. Yawancin abokan aikinsa sun koma garuruwansu ko harkokin kasuwanci. Mamman Nasir yana da sana'a a hannu, don haka ya koma fagen shari'a. A 1967 ya zama Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Arewa. Da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jiha 12 ranar 27 ga Mayu 1967, lardunan Katsina da Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna, inda ya riƙe muƙamin babban lauyan gwamnati har zuwa 1975. Masarautun Argungu da Gwandu da Yawuri, waɗanda ke Lardin Sakkwato, sun faɗa Jihar Arewa maso Yamma.

Abin da 'yan siyasa suka yi ta jan ƙafa a kai, sojoji suka zartar cikin ɗan lokaci. A 1967 aka yi dokar da ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da kotunan alƙalai Kotunan Yanki ƙarƙashin ɓangaren shari'a na gwamnati, kuma sabon tsarin ya kankama a sababbin jihohi a 1968. Daga nan Sarkin Kabin Argungu da Sarkin Gwandu da takwarorinsu suka daina zaman shari'a irin na da. Abin da ya rage musu shi ne sulhu da nasiha.

A 1975, bayan Janar Murtala Muhammad ya karɓi mulki, aka yi babban garambawul a ɓangaren shari'a. Sa Darnley Alexander ya maye gurbin Dokta Taslim Elias a matsayin Alƙalin Alƙalan Najeriya, aka kuma ɗaga Mamman Nasir da Muhammadu Bello zuwa Kotun Ƙoli. A 1976, da aka ƙara jihohi zuwa 19, gwamnati ta ɗora Mamman Nasir a kan Hukumar Daidaita Iyakokin Jihohi. Aikin hukumar ya shafi garuruwa da dama, musamman a iyakokin Ribas da Imo da Kuros Riba, kuma har yau ana ambaton rahotonta idan rikicin iyaka ko na rijiyoyin mai ya tashi a yankin.

Shekara 14 a Kotun Ɗaukaka Ƙara

Tun da tsarin mulkin 1963 ya hana kai ƙara Landan, Kotun Ƙoli ta zama zangon ƙarshe, kuma ƙararraki daga manyan kotunan jihohi kai tsaye suke zuwa gare ta. Jihar Yamma ce kaɗai ke da tata kotun ɗaukaka ƙara a tsakani. Aiki ya yi wa Kotun Ƙoli yawa. Saboda haka a 1976 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, da rassa uku a Legas da Kaduna da Inugu, ƙarƙashin Mai Shari'a Dan Ibekwe. Da Ibekwe ya rasu a 1978, aka naɗa Mamman Nasir shugabanta na biyu.

Ya hau kujerar a shekarar da muhawarar Shari'a ta kusa tarwatsa Majalisar Tsara Tsarin Mulki. Daftarin da kwamitin Cif Rotimi Williams ya rubuta ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya. Wakilai da yawa suka ƙi, wakilan Musulmi da dama kuma suka fice daga zauren a Afrilun 1978. Matsayar da aka cimma ita ce kotun da Mamman Nasir ke shugabanta ta ɗauki wannan aiki. Tsarin mulkin 1979 ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana Shari'ar Musulunci da uku masana dokokin gargajiya a cikinta, domin sauraron ƙararrakin da suka shafi fannoninsu. Tsarin mulkin 1999 ya riƙe wannan tanadi.

A Jamhuriya ta Biyu kotun ta yanke hukunce-hukuncen da ake karantarwa a makarantun lauyoyi har gobe. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Borno, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta tabbatar da haka. Da Majalisar Dokokin Kaduna ta tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa a Yunin 1981, kotun ta ce tsarin mulki ya hana kotuna tsoma baki a sha'anin tsigewa. A 1983 reshenta na Inugu ya soke ɗaurin da aka yi wa marubuci Arthur Nwankwo saboda sukar gwamnan Anambara, yana mai cewa dokar tayar da fitina da aka gada daga Turawa ta ci karo da 'yancin faɗar albarkacin baki.

Daga ƙarshen 1983 aka koma mulkin soja, inda dokokin soja da yawa ke ɗauke da sashen da ya haramta wa kotu sauraron ƙara a kansu. Duk da haka an samu lokutan da kotun ta tsaya. A 1985, da gwamnatin sojan Legas ta fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin 'yan sanda alhali ƙarar na gaban kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da umarnin a mayar da shi, Kotun Ƙoli kuma ta mara mata baya a 1986.

A zamaninsa an buɗe rassa a Jos da Fatakwal, bayan na Ibadan da Benin da suka riga su. Daga 1987, lokacin da Muhammadu Bello ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, har zuwa 1992, Katsinawa biyu ne ke shugabantar manyan kotuna biyu na ƙasar. Mai Shari'a Mustapha Akanbi ne ya gaji Mamman Nasir.

Sarauta da komawa fagen siyasa

A 1992 ya ajiye aikin alƙalanci, Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadiman Katsina kuma Hakimin Malumfashi. Galadima yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Ya riƙe sarautar shekara 27.

Rawani bai raba shi da al'amuran ƙasa ba. A taron tsara tsarin mulki da Janar Sani Abacha ya kira daga Yunin 1994 zuwa Yunin 1995, shi ne mataimakin shugaba, Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte kuma shugaba. A wannan taro aka amince da mayar wa jihohi aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsu, tanadin da ya shiga tsarin mulkin 1999. A nan kuma batun shiyyoyi shida da na karɓa-karɓar shugabanci suka samu gindin zama a siyasar ƙasar.

Bayan taron, Abacha ya naɗa shi shugaban kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki ga farar hula. Wannan shi ne babin rayuwarsa da aka fi saɓani a kai. Shirin ya ƙare da jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista duk sun tsayar da Abacha ɗan takararsu a Afrilun 1998, kuma ya rushe da rasuwar Janar ɗin ranar 8 ga Yuni na shekarar. Masu suka suna ganin dattawan da suka yi aiki a shirin sun ara masa mutuncinsu. Masu kare su kuma suna cewa zaman irinsu a ciki ya fi barin fagen ga waɗanda ba su san doka ba.

Matakalar da mai ƙara ke bi a yau

Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, tana cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci daga 2000, inda Kotunan Shari'a suka maye gurbin Kotunan Yanki. Magajin da bai gamsu da rabon gado a Augie ko Argungu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha a Birnin Kebbi. Idan har yanzu bai gamsu ba, sai reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, wanda ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. Kafin a buɗe reshen Sakkwato, Kaduna ake zuwa.

Akwai wani tarko da ya cinye wa mutane da yawa shekaru da dukiya. Manyan kotuna sun sha yanke cewa ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ya tsaya ne a kan aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. Jayayya a kan mallakar gona ko fili wadda ba ta taso daga ɗayan waɗannan ba, Babbar Kotun Jiha ce hurumin ɗaukaka ta. Wanda ya kai ta inda ba huruminta ba, ko ya yi nasara, ana iya rushe hukuncin a sama a ce ya koma ya faro daga baya.

Rasuwarsa da matsayinsa

Mamman Nasir ya rasu a Katsina ranar 13 ga Afrilu 2019, yana dab da cika shekara 90. Wanda ya gaje shi a sarautar Galadima, Mai Shari'a Sadiƙ Abdullahi Mahuta, shi ma alƙali ne, tsohon Alƙalin Alƙalan Jihar Katsina.

Ƙasashen da ke farkon kafuwa sukan dogara da mutane kaɗan su riƙe muƙamai iri-iri. A Amurka, John Marshall ya yi ɗan majalisar wakilai a 1799, ya yi sakataren harkokin waje a 1800, sannan ya shugabanci Kotun Ƙoli daga 1801 zuwa 1835. A Najeriya, Taslim Elias ya tashi daga Ministan Shari'a na tarayya zuwa Alƙalin Alƙalai, Udo Udoma kuma ya yi ɗan majalisar wakilai kafin ya zama alƙali. Mamman Nasir ne babban misalin Arewa a wannan sahu, da ƙarin cewa shi ya haɗa har da sarauta, wato hukumar da aka karɓe shari'a daga hannunta a shekarun da yake tsakiyar aiki. Allah Ya jiƙansa da rahama.